Haɗa na'urori da kwamfuta ta kafar siriyal: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga masu gyaran kwamfuta, masu kula da injinan ɗakin gwaji, masu haɗa sola da masu aikin sadarwa. Na jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Akasarin wahalar tana fitowa daga abu ɗaya: kafar siriyal ba ta tambayar na'ura "wace ce ke?" yadda USB ke yi. Kai ne za ka daidaita waya, ƙarfin wuta da saurin magana, in ɗaya ya kuskure sai ka ji shiru, kuma ba wanda zai faɗa maka dalili.

Mece ce kafar siriyal, kuma me ya sa har yau ba a rabu da ita ba?

Kafa ce da ke tura bayani bit bayan bit, a jere, ta waya ɗaya, ta karɓi amsa ta wata. Ƙa'idarta ita ce RS-232, wadda ƙungiyar EIA ta Amurka ta fitar a 1960 domin haɗa injinan rubutu da modem. Bugun da ya fi yaɗuwa shi ne RS-232-C na 1969.

Ba a rabu da ita ba domin injin da aka saya da tsada yakan daɗe fiye da kwamfutar da ke gefensa. Sikelin auna manyan motoci, injin ƙidayar jini, firintar rasit, inbata, UPS, injin yankan ƙarfe, da suwic da rauta na sadarwa, da yawansu ta nan suke magana. Ni kam ina ganin darajarta: waya uku sun isa a yi aiki, kuma duk abin da ya lalace kana iya gano shi da mita a hannunka.

Yaya zan gane ta a bayan kwamfuta?

A kwamfutocin PC namiji ce mai fil 9 a layi biyu, biyar a sama huɗu a ƙasa. Ana kiranta DB-9 a kasuwa, ko da yake sunanta na asali DE-9. IBM ce ta kawo wannan siffa a PC/AT ta 1984. Kafin nan fil 25 ake amfani da shi.

Abu biyu ke ruɗa mutane. Kafar VGA ta allon kallo girmansu ɗaya, amma ita mace ce mai rami 15 a layi uku. Sannan mace mai rami 25 a bayan tsohuwar PC ta firinta ce, wato faralel, ba siriyal ba. A tsofaffin kwamfutocin Sun kuwa mace mai rami 25 tana iya zama siriyal, duba amsar da ke kan Sun a ƙasa. Wasu na'urorin ma ramin RJ-45 suke amfani da shi, irin na wayar intanet, alhali siriyal ce a ciki.

Kwamfutata ba ta da ita ko kaɗan. Me zan yi?

Fara buɗe murfin ka duba babban allon. Da yawa daga cikin manyan kwamfutocin aiki da na ofis suna da wasu fil tara ko goma a jere an rubuta COM a gefensu, sunan da Windows ke kiran kafar siriyal da shi, sai dai a sayo 'yar wayar da ke fito da su baya. A kula, tsarin jera fil ɗin nan iri biyu ne a kasuwa, kuma 'yar wayar wani allo ba lallai ta yi a wani ba. In babu wannan, akwai katin PCIe, akwai adaftar USB, akwai kuma akwatin da ke ɗora siriyal a kan wayar intanet, irin NPort na kamfanin Moxa.

Ga injin da zai kwana yana aiki kullum, na fi son kati ko fil ɗin kan allo, domin ba sa zarewa kuma lambarsu ba ta sauyawa. Adaftar USB ta jaka ce, ta mai yawon gyara.

Wane fil ne ke wane aiki?

A DB-9 na kwamfuta: 2 karɓa, 3 aikawa, 5 ƙasa. Waɗannan ukun su ne ginshiƙi. Sauran na daidaita tafiya ne, wato faɗin "dakata" ko "ci gaba": 7 RTS, 8 CTS, 4 DTR, 6 DSR, 1 DCD, sai 9 na ƙararrawar modem.

A DB-25 kuwa 2 ne aikawa, 3 karɓa, 7 ƙasa. Lura da kyau, 2 da 3 sun juya tsakanin siffofin biyu. Wannan juyin ya sha kayar da masu haɗa waya da dalma. Wanda zai yi wayar miƙe daga 9 zuwa 25, fil na 3 zai kai wa na 2, na 2 ya kai wa na 3, na 5 ya kai wa na 7. Da ido kamar an gicciya, amma miƙe ce.

Mene ne bambancin wayar miƙe da wayar gicciye, kuma wacce nake buƙata?

Masu ƙa'idar sun raba na'urori gida biyu. Kwamfuta da taminal su ne DTE, modem da makamantansa DCE. A DCE an riga an juya fil ɗin a ciki, saboda haka waya miƙe ce ke haɗa su: 2 da 2, 3 da 3. In kuwa DTE biyu za su haɗu, kamar kwamfuta da kwamfuta ko kwamfuta da yawancin firintocin rasit, sai an gicciya, bakin wannan ya faɗa kunnen wancan. Ita ce wayar da ake sayarwa da sunan null modem. Da za ka haɗa DTE biyu da wayar miƙe, ya zama mutum biyu suna magana ba mai saurare.

A al'ada namiji DTE ne, mace DCE, amma masu ƙera injina ba duka suke bin haka ba, shi ya sa ba na amincewa da siffar baki. Mita ce ke raba gardama. Sa ta a DC, ma'aunin bolt 20. Kunna na'urar, ɗora baƙar tsinka a fil na 5, ja a na 2, sannan na 3. Wanda ya nuna wuta a ƙasa da sifiri, misali -5 zuwa -12, shi ne bakin aikawa, domin haka layin yake zama lokacin da ba ya magana. A kwamfuta fil na 3 ne zai nuna. In na'urar ma na 3 ne, gicciye kake buƙata. In na 2 ne, miƙe. Wasu ƙananan na'urori masu batir suna kashe bakin aikawa sai sun ji an haɗa su, to su sai ka auna bayan ka jona.

Wayar miƙe da ta gicciye kamarsu ɗaya a waje. Duk wadda ka gwada ka tabbatar, naɗa mata salatif ka rubuta irinta. Haka nan 'yar ƙaramar mahaɗar da ke mayar da namiji mace ba ta gicciya komai, siffa kawai take sauyawa.

Na jona, amma tarkacen alamomi nake gani maimakon rubutu.

Wannan albishir ne, domin waya tana aiki. Saiti ne bai dace ba. Babu agogo ɗaya tsakanin ɓangarorin biyu, kowanne da nasa yake ƙidaya, don haka dole su yarda da gudu ɗaya tun farko. Gudun da aka saba su ne 2400, 4800, 9600, 19200, 38400, 57600 da 115200 baud, wato bit a daƙiƙa. Bayan gudu sai tsarin harafi. Mafi yawa 8N1 ne: bit 8 na bayani, babu bit ɗin tantancewa, bit 1 na tsayawa.

Kafar saitin suwic da rauta na Cisco 9600 8N1 ce. Na'urar GPS mai bin NMEA 0183 tana 4800. Inbatocin sola irin na Axpert suna 2400. Injina masu Modbus, wato ƙa'idar tambaya da amsa ta injinan masana'antu, galibi 9600 ko 19200, kuma da yawa suna son bit ɗin tantancewa irin E (even). Sikeli da yawa 7E1 suke aikawa, wato bit 7 na bayani da tantancewar E, kuma wannan yana da alamarsa: in wasu lambobin suna fitowa daidai wasu suna zama tarkace, kusan kullum 7E1 ake aiko maka kana karantawa da 8N1. In kuwa komai tarkace ne, fara da gudu. In ka zagaye duk gudun bai gyaru ba, koma amsar da ke kan Arduino da Raspberry Pi a ƙasa.

Nawa ne ainihin saurinta?

A 8N1 kowane harafi yana cin bit 10, da na farawa da na tsayawa. Saboda haka 9600 harafi 960 ne a daƙiƙa, 115200 kuma 11,520. Fayil mai megabait ɗaya zai ci kusan minti 17 a 9600. Ga nauyin mota ko sakamakon gwajin jini, wannan ya wadatar har da rara.

Ba na ganin komai, allon shiru. Ta ina zan fara?

Fara da wanke kwamfutar daga zargi. Zare na'urar, buɗe manhajar taminal kamar PuTTY ko Tera Term, zaɓi kafar, ka kashe daidaita tafiya (flow control) gaba ɗaya. Ɗauki 'yar waya ka haɗa fil na 2 da na 3. Buga haruffa. In suna bayyana a allo kuma suna ɓacewa da ka cire 'yar wayar, to kafar da direbanta lafiya lau. Jona doguwar wayarka ka maimaita gwajin a ɗaya bakin, ka ga ko ta tsinke a ciki.

Daga nan sai gwajin mita da na bayyana a amsar miƙe da gicciye. Bayansa ka tambayi kanka ko na'urar tana magana da kanta ne ko sai an tambaye ta. Wani sikelin yana zubo nauyi ba tsayawa, wani sai an danna maɓallin bugawa, injin Modbus kuwa ba ya cewa uffan sai an kira lambarsa. Na taɓa ɓata rabin yini a wani injin casar shinkafa ina sauya waya bayan waya, ashe a cikin saitin sikelin aka kashe fitar da bayani. Tun ranar nake fara neman littafin na'ura kafin in taɓa dalma.

Abu na ƙarshe, manhaja ɗaya ce kawai ke riƙe kafa a lokaci guda. In PuTTY a buɗe take, manhajar injin ba za ta samu shiga ba.

Firinta tana fara bugawa daidai, sai ta riƙa tsallake layi a dogon rasit. Me ya jawo?

Kwamfuta tana zuba mata fiye da abin da cikinta zai ɗauka, kuma ba a ji lokacin da ta ce "dakata" ba. Hanya biyu ce ta faɗin hakan. Ta farko da waya: RTS da CTS, ko DTR da DSR, wanda firintocin rasit da yawa suka fi amfani da shi. Ta biyu da haruffa biyu na musamman da ke bi ta layin bayani, XOFF na tsayarwa da XON na ci gaba. Su ne Ctrl-S da Ctrl-Q a kibod.

Dole ɓangarorin biyu su zaɓi hanya ɗaya, kuma in ta waya ce, sai wayarka tana ɗauke da waɗannan layukan. Wayoyi masu araha da yawa uku ne kawai a ciki. Wata alamar rashin waɗannan layukan ita ce manhaja ta tsaya cak tana jiran CTS da ba zai zo ba. XON da XOFF suna da kyau ga rubutu, amma kada a sa su wajen tura fayil ɗin da ba rubutu ba, domin waɗannan haruffan suna iya faɗowa a cikin bayanin su tsayar da komai.

Adaftar USB ta ƙi aiki, ko lambar COM tana sauyawa kullum.

Abin da ke cikin adaftar ne ke da muhimmanci, ba launin robar ba. Guntayen da suka cika kasuwa huɗu ne: FT232 na FTDI, PL2303 na Prolific, CP2102 na Silicon Labs da CH340 na WCH. An yi jabun PL2303 da FT232 da yawa. Sababbin direbobin Prolific suna ƙin jabun da tsofaffin guntaye, shi ne kake ganin alamar rawaya da Code 10 a Device Manager. A Oktoban 2014 ma FTDI ta fitar da direban da ke sa jabun guntunta ya daina ganuwa, har aka yi ta ƙorafi aka janye shi. In ka samu adafta ta gaskiya, riƙe ta da kyau.

Game da lamba, Windows kan ba adafta sabuwar COM in ka sauya ramin USB, musamman wadda ba ta da lambar shaida a ciki. Tsofaffin manhajoji kuwa da yawa COM1 zuwa COM4 kawai suka sani. Shiga Device Manager, ƙarƙashin Ports, buɗe Port Settings sannan Advanced, ka ba ta lambar da manhajar ke so, ka kuma bar ta a rami ɗaya. A nan ne kuma adaftar FTDI ke da jinkirin milisakan 16 da aka saita mata tun asali. In injin mai tambaya da amsa yana yawan yankewa, rage shi zuwa 1 ko 2 yakan taimaka.

Na jona sikeli, sai kibiyar linzami ta riƙa tsalle a allo ita kaɗai.

Windows ce ta ɗauki na'urar a matsayin tsohon linzamin siriyal, domin ta tarar tana zubo bayani lokacin da kwamfuta ke tashi. GPS ma yana jawo haka. Zare wayar na'urar daga kafar ka samu natsuwa, shiga Device Manager, nemo Microsoft Serial BallPoint ko Serial Mouse ka dakatar da shi. Kada ka goge shi, zai dawo.

A Linux yaya ake kiran kafofin, kuma me ya sa ake hana ni shiga?

Na kan allo su ne /dev/ttyS0, /dev/ttyS1 da sauransu. Ta farko ita ce COM1, ta biyu COM2. Adaftar USB tana fitowa a /dev/ttyUSB0, wasu na'urorin kuma /dev/ttyACM0. Buga dmesg bayan ka jona ka ga sunan da ta samu. In adafta biyu gare ka, yi amfani da sunayen da ke cikin /dev/serial/by-id, su ba sa musanya wuri.

Hana shiga kuwa batun izini ne. A Debian da Ubuntu sai ka shiga rukunin dialout, ka fita ka sake shigowa. Don gwaji, screen /dev/ttyUSB0 9600 ya isa, ko minicom. In adaftar CH340 ta bayyana ta ɓace nan take a Ubuntu 22.04, manhajar brltty ta makafi ce ta kama ta, sai a cire ta in ba mai amfani da ita a kwamfutar.

Mun gaji tsohuwar kwamfutar Sun. Yaya kafofinta suke?

Ana kiransu A da B, ko ttya da ttyb. A Solaris /dev/term/a ta taminal ce da firinta, /dev/cua/a ta kira waje. Siffarsu ta bambanta: SPARCstation IPC da IPX ƙaramar zagayayyar kafa mai fil 8 gare su, SPARCstation 10 da 20 sun cusa A da B a cikin DB-25 ɗaya sai da wayar rabawa ake samun B, Ultra 5 da Ultra 10 kuma A mace ce mai 25, B namiji mai 9.

In ka tashe ta babu kibod a jone, duk maganarta ta kafar A za ta fito, a 9600 8N1, kuma wayar gicciye za ka sa daga kwamfutarka. Ga gargaɗin da ya fi kowanne: siginar break a wannan kafar tana dakatar da Solaris ta jefa ka ga alamar ok ta OpenBoot, manhajar da ke tayar da injin. Kashe taminal ko kwamfutar da ke ɗaya bakin na iya haifar da wannan siginar ba da niyya ba, injin ya tsaya da duk aikin da ke kansa. In hakan ta faru, buga go ya ci gaba.

Zan iya jona Arduino ko Raspberry Pi kai tsaye?

A'a. Fil ɗinsu na TX (aikawa) da RX (karɓa) siriyal ne, amma a matakin TTL: sifiri da bolt 5 a Arduino Uno, sifiri da 3.3 a Raspberry Pi. RS-232 tana aiki da +3 zuwa +15 ga sifiri, -3 zuwa -15 ga ɗaya, wato ƙarfin ya fi yawa kuma ma'anar a juye take. Bolt 12 a fil ɗin Raspberry Pi na iya ƙona shi. A sa guntun MAX232 a tsakani ga mai bolt 5, MAX3232 ga mai 3.3, ko a sayi adaftar USB ta TTL, wadda fil ne tsirara a bakinta ba DB-9 ba.

Duk wayar da bakinta ya shiga zan iya amfani da ita?

Wasu kamfanoni sun ɗauki siffar DB-9 sun jera fil ɗinsu yadda suka ga dama. Sanannen misali tsofaffin Smart-UPS na APC: wayarsu ta musamman ce, mai lamba 940-0024, kuma in ka jona musu wayar siriyal ta gama-gari suna iya kashe wuta nan take, da duk abin da suke ɗauke da shi. Shuɗiyar wayar Cisco ma tsarinta daban, an juya ta ne gaba ɗaya, fil na 1 ya koma na 8. Ramin RJ-45 na inbata kuwa kada a kai shi suwic ɗin intanet, wasu suna fitar da wuta a wani fil ɗin.

Tsawon waya nawa ne iyaka, kuma me ke ƙona kafar?

Abin da aka saba faɗa mita 15 ne. Da waya mai kyau mai rufin ƙarfe da gudu kaɗan kamar 2400 ko 9600 ana wuce haka, amma kada a bi da ita gefen wayar injin ko janareta. In nisan ya kai daga sikelin mota zuwa ofis a wani gini, a sauya zuwa RS-485 da adafta a kowane baki. Ita tana kai mita 1,200 a kan waya biyu murɗaɗɗu, ana sa rezisto mai ohm 120 a ƙarshen layin biyu. Wayoyin biyu ana kiransu A da B, amma kamfanoni ba su daidaita kan wanne ne A wanne ne B ba, in shiru ka ji sai ka musanya su.

Abin da ya fi ƙona kafa bambancin ƙasa ne tsakanin injina biyu. In kwamfuta tana kan wutar gari, injin yana kan janareta ko inbata, ko ginin ba shi da wayar ƙasa ta kirki, fil na 5 ne ke zama hanyar da wutar za ta bi. Kafin ka jona, auna tsakanin jikin ƙarfen injinan biyu da mita a AC. In ta nuna bolt masu yawa, kada ka haɗa sai an gyara ƙasa. Inda zai yiwu a ciyar da su daga soket ɗaya, a kashe su kafin jonawa, a ɗaure dunƙulen gefe biyu na bakin wayar. Ga layin da ya fita waje, a sa na'urar raba wuta mai aiki da haske a tsakani, musamman kafin damina, domin tsawa ko ba ta faɗo a kan ginin ba tana iya tura wuta cikin doguwar waya. In an tashi aiki kuma hadari ya haɗo, a zare wayar daga bayan kwamfutar.